Mikiyar Ramalan

Yayana Ramalan mutum ne da hannunsa yake riga bakinsa isa. Tun muna yara a Damagaram haka yake, kuma da ya zo Arlit bai bar halin a tasha ba. Ranar da ya fara shiga motar ma'aikata zuwa ramin ma'adinai na Akokan, wani ƙato ya taka masa ƙafa bai ce yi haƙuri ba. Sai Ramalan ya juyo. Ya kama ƙeyar mutumin ya haɗa bakinsa da ƙarfen kujera, haƙora suka zube a ƙasan mota. Shi ke nan aka san shi a gari. Ni Hansai, ƙanwarsa, da na biyo shi bayan rasuwar mijina na kafa tukunyar shinkafa da wake a bakin tasha, ban taɓa samun wanda ya yi mini rashin kunya ba, domin kowa ya san ƙanwar wa nake. Wannan ne kaɗai amfanin da na ci daga zuciyarsa, sauran duk ɓarna ce.

Ƙarfinsa duka a ramin Akokan ya ƙarar da shi. Shekara da shekaru yana rungume da injin huda dutse a ƙarƙashin ƙasa, har kunne ɗaya ya mutu, ɗayan ma sai an ɗaga murya. Saboda haka ko gaisuwa zai yi maka, sai ka ɗauka faɗa ne. Ba ya shaye-shaye, ba ya caca, salla ba ta wuce shi, abin da ya samu a gida yake ƙarewa. Mutane sukan ce mini, "Ai yayanki mutumin kirki ne, zuciya ce kawai." Wannan "kawai" ɗin har yau haushi take ba ni. Zuciyar ce ta cinye masa gida.

Matarsa Dassin Ba'abziniya ce, doguwa, mai magana a hankali. Mahaifinta Amastan mai gadi ne a wani masaukin baƙi, tun zamanin da Nasara ke ratso Sahara daga Tamanrasset da tsofaffin motoci suna sauka Arlit baki a bushe. A cikinsu ne wani ɗan Italiya ya iso da babur ɗinsa a bayan babbar mota, injin ya mutu masa a hanya. Ya bar wa Amastan ajiya, ya ce zai dawo da kayan gyara. Bai dawo ba. Tsohon kuwa amana ce a wurinsa, ba ya sayarwa, ba ya bari a taɓa. Da tsufa ya kama shi ya dawo gidan 'yarsa a unguwarmu ta Bukoki, aka biyo shi da babur ɗin a amalanken jaki, aka jingine shi bayan garken awaki, aka lulluɓe da tsofaffin tabarmi. Tsoho ya rasu, babur ya zauna, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa.

Dassin mari ɗaya ta sha. Shayi ne ya yi jinkiri ga baƙi a zaure, Ramalan ya shiga ya ɗauke ta da mari har ɗan kunnenta ya yaga fatar kunnen. Ba ta yi kuka ba. Ta dafe wurin, jini yana bin yatsunta, ta ce, "Wurinmu namiji ba shi taɓa mace. Kai ka taɓa. Ya ƙare." Ba a jima ba 'yan'uwanta suka zo daga Iferwan suka naɗe mata kaya. Da aka zo kan ɗansu Nazifi, wanda lokacin bai daɗe da fara tafiya ba, Ramalan ya tare ƙofa da taɓarya. Ɗaya daga cikinsu ya zare takobi. Kafin maƙwabta su shiga tsakani an tsaga wa Ramalan dantse har ƙashi, shi kuma ya karya wa mai takobin haƙarƙari. Dattawa suka zauna, aka bar yaro a hannun uba. Ni aka ce in dawo gidan in yi reno.

Na yi reno, shi ya yi duka. Yana da wani tsohon bel na inji rataye a ƙusa, baƙi, mai kauri kamar harshen saniya. Nazifi ya sha shi a kan ɓatan akuya, a kan makara daga lakwal, wato makarantar boko, a kan kallon da bai yi wa uban daɗi ba. Na sha faɗawa a kan yaron bel ɗin ya sauka a bayana. In na zagi Ramalan sai ya ce gyara yake yi, garin nan lalata yara yake. Bayan ya huce kuma sai ya je ya sayo tsire ya ajiye kusa da yaron ya fita. Nazifi ba ya ci. Kuliyoyin unguwa ne suka yi ƙiba.

Ranar ƙarshe Nazifi ya riga ya yi gemu. Ban ma tuna abin da ya haɗa su ba. Ramalan ya ɗauki katako ya sauke masa a kafaɗa, ya ɗaga zai ƙara, Nazifi ya cafke katakon. Suka tsaya suna huci, kowa yana ja. Sai Nazifi ya saki, uban ya yi baya ya zauna daɓas. "Wallahi na bar cin abincin gidan nan," in ji Nazifi, ya fice. Ya kama ɗaki da abokansa can bayan filin ƙwallo, ya samu babur ɗan China ya shiga kabu-kabu. Yakan zo tasha ya ci shinkafata ya ce, "Gwaggo, Allah ya saka." In ya haɗu da ubansa a hanya kuwa, sai ya ƙara wuta ya wuce shi kamar bai ga kowa ba.

A 2021 aka rufe ramin Akokan. Aka sallami su Ramalan, wasu suka koma garuruwansu, wasu suka nufi wuraren haƙar zinariya. Shi ya zauna a tsakar gida da waɗannan manyan hannuwan, babu dutsen fasawa, babu wanda zai daka. Ya rame. Wata rana ina tsintar shinkafa ya ce, da muryar nan tasa ta kurma da ake ji har gida na uku, "Hansai, so nake yaron nan ya dawo. Ko sau ɗaya mu sa hannu a kwano ɗaya kafin in mutu."

Na ce, "To, Yaya, ai ƙafa gare ka. Je ka faɗa masa."

Ya harare ni kamar na ce ya yi rawa a kasuwa. Ya tashi ya nufi bayan garke ya yaye tabarmin da ke kan babur ɗin nan. "Ɗan kabu-kabu ne," ya ce. "In ya ji moton nan yana kuka, da ƙafarsa zai shigo. Sai in ba shi kyauta."

Wato mutumin da ya kasa furta "ka yi haƙuri" ya zaɓi ya tayar da gawar da ta girmi ɗansa. Na ce Allah ya ba da sa'a, na ci gaba da tsintata.

Abin da ke ƙarƙashin tabarmin bai yi kama da baburan da muka sani ba. Ƙato ne, baƙi, mai nauyin maraƙi. Kawunan injinsa biyu sun leƙo waje, ɗaya ta kowane gefe, daidai gaban gwiwar mahayi. Ba shi da sarƙa, wani sandan ƙarfe ne a ɓoye yake juya ƙafar baya irin na mota. A jikin tanki, da Ramalan ya goge da tsumma da yawu, sai ga hoton tsuntsu ya buɗe fukafukai. Daga ranar sunanta Mikiya. Tayoyi sun ruɓe, ɓeraye sun cinye wayoyi, kunamu sun yi gari a cikin fitila, yashi kuwa babu inda bai shiga ba.

Injin ya ƙi juyawa, fistin ya manne da tsatsa. Ramalan ya yi abin da ya iya. Ya ɗauki guduma ya kai mata duka, ɗaya daga cikin haƙarƙarin nan masu sanyaya inji ya ɓalle ya yi tsalle ya tsaga masa gira. Ya ƙara fusata ya tokare ta da ƙafa, ta kife a kan ɗaya ƙafar ta murƙushe masa babban yatsa. Sai da na kira maƙwabta muka taru muka ɗaga ta. Yana zaune yana ɗaure yatsa, jini ya rufe masa ido ɗaya, Ghissa mai walda ya shigo duba ɓarnar. Ghissa wani ɗan siririn mutumin Abzin ne da bakinsa ba shi da linzami. Ya juya guntun ƙarfen a hannu ya ce, "Ramalan, wannan ba ɗanka ba ne. Ba shi jin tsoronka. In ka buga shi, karyewa kawai shi ke yi."

Na ce a raina inna lillahi, yau Ghissa ya gama walda. Ramalan ya miƙe da ƙafa ɗaya ya ci kwalarsa ya ɗaga shi har takalmansa suka bar ƙasa, rawaninsa ya warware. Ya dunƙule hannu. Ina kallon jijiyar wuyansa tana harbawa. Sai ya sauke shi a hankali, ya ɗauko rawanin ya miƙa masa, ya ce, "To yaya ake yi?" Tun da na yi wayo ban taɓa ganin hannun nan ya tashi ya koma wofi ba.

Yadda ake yi shi ne haƙuri, abin da babu shi a gidanmu. A zuba gazuwal, man manyan motoci, a kan fistin a bar shi ya jiƙa. Kowace safiya a ɗora guntun icce a ƙwanƙwasa kaɗan, a ƙara gazuwal, a tafi a ba shi wuri. Ramalan ya yi ta yi har azumi ya zo ya wuce. Ranar da fistin ya motsa ya kira ni daga madafa in zo in gani. Na zo na ga ƙarfe ya matsa da faɗin farce, shi kuma yana ta washe baki kamar an yi masa haihuwa.

Daga nan gidan ya zama garaji. Ya kwance ta ƙusa-ƙusa ya jera a kan buhuna, ya ƙwace mini kwanonin wanke-wanke ya cika su da baƙin mai. Tanki ya zuba masa tsakuwa da kananzir ya yi ta girgizawa a kafaɗa har tsatsar ta fita. Karbirato biyu gare ta, ya wanke su da buroshin haƙori, ya busa kowace kafa da baki. Inda babu kayan gyara, kuma kusan ko'ina babu, sai dabara. Abin da ke hana mai yoyo daga kwalin shayi ya yanka shi. Ghissa ya liƙe haƙarƙarin da ya karye, batir na ƙaramar mota aka sa, sirdi kuma wata tsohuwa mai aikin fata ta ɗinka shi da jar fata irin ta Abzin. Wani direba mai zuwa Tamanrasset ya riƙa kawo masa abubuwa, rabi ba sa shiga. Zuciyar ba ta tafi ko'ina ba, kada a ce na ce ta tafi. Ya jefi bango da sifana har ya huda shi, ya fasa wa wani mai sayen tsohon ƙarfe hanci don ya ce zai auna Mikiya a sikeli. Amma ita bai ƙara dukanta ba.

Ta tashi wata Juma'a da hantsi. Ta yi tari, ta tofar da baƙin hayaƙi, sannan ta saki wata murya mai kauri da na ji ta har cikin haƙorana. Awaki suka fasa garke, unguwa ta cika ƙofar gida. Ramalan yana tsaye a kanta yana ihu, "Ina jin ta! Hansai, ina jin ta!" Ni da na yi shekara ina mitar kwanonina sai na tsinci kaina ina guɗa.

Ya hau zai zagaya tsakar gida, a nan ne ta nuna mana halinta. Duk babur ɗin da ke Arlit, na China ne ko na Japan, birki yana ƙarƙashin ƙafar dama, giya tana hagu. Mahayi ba ya tunaninsa, ƙafa ce ta sani. Mikiya kuwa a juye aka ƙera ta, giya a dama, birki a hagu. Ramalan ya san haka, shi ya ɗaura su da hannunsa, amma ƙafarsa ba ta sani ba. Ya nufo murhuna, ya taka dama don ya tsaya, ta ƙara giya ta yi gaba, ta kwashe tukunyar wake ta haɗa shi da bango. Birkin hannu ma babu, wayarsa tana cikin abubuwan da direban bai kawo ba tukuna. Ya tashi da wake a gemu yana dariya, ni ina zagi. Ya ce, "Wannan zan fara koya wa yaron nan. Kafin ya hau sai ya haddace." Daga ranar bai ƙara hawa ba, yana jiran waya. A cikin giya yake barinta don kada ta gangara, da yake tsakar gidan ta karkata wajen ƙofa.

Ana cikin haka aka yi wa Nazifi fashi. Wani fasinja ya ce ya kai shi lambuna a wajen gari da rana tsaka, suna isa wani ya fito daga bayan itatuwa da rodi. Suka fasa masa kai, suka tattake shi, suka ɗaure shi da igiyar kayansa suka tafi da babur. Masu lambu ne suka tsince shi. Da labari ya zo gida Ramalan ya ɗauki taɓarya ya nufi kasuwa, ya kama wani da ake zargi da sayen kayan sata ya dulmiya masa kai a duron ruwa har mutumin ya fara shure-shure. Jandarmomi suka tafi da shi, sai da dattawa suka je aka sako shi. Duk wannan ya iya, amma ya taka ya je ya ce wa ɗansa sannu, wannan ya gagare shi.

Ni na je. Na tarar fuskar ta kumbura har ido ɗaya ya ɓace, ga shi babu abin hawa, babu sana'a. Ina shafa masa man zafi a baya na ce, "Ka ji labarin Mikiya? Dominka babanka yake gyara ta. Taka ce, zai ba ka."

Ya ture hannuna. "Zai ba ni? Gwaggo, ta kakana ce. Ya kori uwata ya riƙe kayan ubanta, yanzu kuma zai yi mini kyauta da su in durƙusa in yi godiya?"

Na ce ba wanda ya ce ka durƙusa, shigowa kawai za ka yi. Ya juya fuska bango.

Ya shigo ɗin. Bayan la'asar ne, ina wanke tukwane, Ramalan yana tsugune yana goge ƙafar gaba ta Mikiya. Sai ga Nazifi a tsakar gida da bandeji a ka, babu sallama. Na ga bayan yayana ya sandare. Wata da watanni yana shirya abin da zai faɗa a wannan rana, na sha jin sa yana gunaguni shi kaɗai. Ya miƙe da tsumma a hannu, ya buɗe baki, abin da ya fito da ƙarfin da ya watsa kaji shi ne, "Kai ba ka iya sallama ba?"

"Ba wurinka na zo ba," in ji Nazifi. "Kayan kakana na zo ɗauka."

"Ba a gama ta ba. Zauna in nuna maka wani abu."

"Ka gama nuna mini abubuwa." Ya kama kan babur ɗin ta gefe ɗaya. Ramalan ya dafe ɗaya gefen.

"Na ce ka zauna!"

"Cire hannunka, tsoho. Hannun da ka yaga kunnen uwata da shi, cire shi daga kayan ubanta."

Ban ga tashin hannun ba, ƙararsa na ji. Marin ya sauka daidai kan raunin, bandejin ya yi ja nan take. Ramalan ya dubi tafinsa kamar na wani ne. Na tabbata da an ba shi numfashi ɗaya da ya ce wani abu, amma Nazifi bai ba shi ba. Ya sa masa kai a ƙirji suka zube cikin kwanonin mai. Suka yi ta birgima, uba da ɗa, suna naushi, suna shaƙe juna, baƙin mai da jini sun haɗu har ba ka gane na wa. Na shiga tsakani aka yi jifa da ni kan murhu, har yau ban san wane ne a cikinsu ba. Ramalan ya tsufa amma ƙarfin rami yana nan, ya danne shi ya hau ƙirjinsa. Sai ya sassauta. Na gani da idona, ya buɗe hannuwansa ya fara ɗagawa. Nazifi bai gani ba, ko ya gani bai yarda ba. Hannunsa ya lalubo babbar sifana ya kaɗa ta da duk ƙarfinsa a bakin ubansa. Ƙarar kamar an fasa ƙwarya.

Ramalan ya faɗi gefe yana tofar da haƙora. Nazifi ya haye Mikiya, makulli yana jiki, ya matse kuloci ya danna maɓalli. Ta tashi. Da yake a cikin giya take, bai nemi komai da ƙafa ba, yana sakin hannu ta fice da shi ta ƙofa.

Lungunmu gajere ne, a ƙarshensa hanya ta rabu biyu. Dama tana fita filin ƙwallo, yashi ne mai zurfi da ke tsayar da kowane babur, kuma ta nan ne hanyar ɗakin Nazifi. Hagu 'yar gangara ce da ke faɗawa kan kwalta, inda manyan motoci ke wucewa. Ramalan ya rarrafa ya riga ni kai ƙofa. Muƙamuƙinsa ya karye, leɓɓansa sun tsage ba sa haɗuwa. So yake ya ce birki yana hagu, amma "birki" ba ta fita daga bakin da ba ya rufuwa. Kalma ɗaya ce ta fita, da feshin jini, da muryar da ta saba ƙetare ƙarar inji.

"Hagu! Hagu!"

Na ga yaron ya riga ya kwanta dama, sannan na ga Mikiya ta yi wata irin girgiza ta koma hagu. Na ɗauka nauyinta ne ya fi ƙarfinsa. Wata babbar mota ɗauke da albasa tana tafe a kan kwalta, direban yana ta danna oda. Masu shaguna a bakin hanya sun ce sun ga ƙafarsa ta dama tana taka ƙarfen, tana takawa, Mikiya kuwa sai ƙara gudu take yi. Ya shige ƙarƙashin motar ta gefe.

Da muka isa jama'a sun riga sun jawo direban suna dukansa, bawan Allah da bai yi komai ba. Ramalan ko kallonsu bai yi ba. Ya shiga ƙarƙashin motar da ciki ya jawo ɗansa. Ƙafar dama daga gwiwa zuwa ƙasa ba ta da sauran kamar ƙafa. Ya cire rigarsa ya ɗaure cinyar, ya saɓa shi a kafaɗa ya kama gudu, jinin bakinsa yana zuba a bayan yaron, har wata mota ta tsaya ta ɗauke su.

A asibiti aka yanke ƙafar sama da gwiwa. Aka ɗaure wa Ramalan muƙamuƙi da waya. Dassin ta zo daga Iferwan, ta tsufa ita ma, ta zauna a bakin gadon ɗanta har aka sallame shi, ba ta ko ɗaga ido ta dubi mutumin da ke tsaye kullum a bakin ƙofa ba. Ta so ta tafi da shi, likita ya ce ciwon yana son wanki kusa da asibiti. Abokan kabu-kabu kuma kowa yana da nasa neman. Haka Nazifi ya dawo gidan ubansa a kan katifa a bayan mota. Abin da ya rage na Mikiya Ghissa ne ya kwashe a amalanke, ban tambaye shi inda ya kai ba.

Ramalan ne ke ɗaukarsa zuwa banɗaki, shi ke yi masa wanka, shi ke juya shi. Babu mai magana. Ɗaya bakinsa a ɗaure yana shan kunu ta bututun roba, ɗayan kuma ya ga dama ne ya yi shiru. Ni ke surutu a gidan, ina zagin awaki don kada shirun ya kashe ni. Na ji tausayinsu, na kuma ji haushinsu su biyun, har na rasa wanda ya fi.

Ranar da aka kwance wa Ramalan waya na tuƙa tuwo mai laushi da miyar kuka, na zuba a kwano ɗaya na ajiye tsakaninsu, na ce wanda ba ya so ya zauna da yunwa, na gaji da wanke kwano biyu. Nazifi ya daɗe yana kallon kwanon. Sannan ya sa hannu. Ramalan ma ya sa. Suka fara ci. Da Ramalan ya yi shiru ya ci tuwonsa, da ya samu abin da ya roƙa. Amma abin yana cinsa tun ranar, ga shi bakin ya buɗe.

"Na kira ka," ya ce. Maganar a karkace take fita ta gurbin haƙora. "Birkin nake faɗa maka. Yana hagu. Na yi ihu iya ƙarfina. Ba ka ji ni ba?"

Nazifi ya ci gaba da murza lomar da ke hannunsa. "Na ji ka, Baba."

"Ka ji?"

"Na ji. Dama zan bi, na riga na kwanta." Ya ɗago ya dube shi. Babu fushi a fuskar, da akwai ma da ya fi sauƙi. "Ban yi tunani ba. Muryarka ce kawai. Ka ce hagu, na juya hagu."

Hannun Ramalan yana cikin kwano, a can ya tsaya. Na jira ya yi ihu, ko ya fasa wani abu, ko ya yi kuka. Bai yi ko ɗaya ba. Nazifi ya tura kwanon kaɗan wajensa ya ce ya ci kafin ya huce. Ya ci, har suka cinye.

Ramalan yana nan da rai a Bukoki. In ka zo da hantsi za ka same shi a ƙofar gida yana tura ɗansa a keken guragu zuwa inuwa. In ka gaishe shi sai ka matso sosai ka kasa kunne, domin tun daga ranar nan ba wanda ya ƙara jin ya ɗaga murya. Ko akuya ce ta shiga masa hatsi, sai dai ya tashi ya je ya kamo ta.